Maratayin Zomo

Zomaye goma sha ɗaya ke kwana gidana a Mabera,
ko ɗaya ba nawa ba.
Biyu na Kulu mai koko, tana jinyar uwa a Gwadabawa,
uku na wani ɗan jami'a da hutu ya kora gida,
shida na Malam Jabbi, da ya ce mako guda zai yi Illela,
ya bar mini keji, da rabin buhun dusa,
da lambar waya wadda ba ta shiga.

Bazara ta kifa wa gari tukunya.
Na jiƙa buhunan algarara na lulluɓe keji,
ruwan randa nake ba su, sau huɗu a wuni.
Duk da haka, ranar Laraba bayan la'asar
farar zomanyar Jabbi ta ƙi ganyen dankali.
Kunne ya kwanta, ciki ya yi tim,
haƙora na gurzar juna kamar mai tauna tsakuwa.

Sau tara na kira shi. A kashe.
Na huda kwali, na sa ta, na tare kabu-kabu,
ina riƙe da ita kamar ƙwan da ba nawa ba.
Likita Maccido ya latsa cikin da yatsu biyu,
ya yi allura, ya ɗura ruwa, ya ce in dawo jibi.
Dubu tara da ɗari biyar.
Ladan ajiyar duka dubu shida ne.
Na ƙirga kuɗin cefanen gobe a kan teburinsa,
a gida aka sha miyar kuka lami, ba wanda ya tanka.

Ta tashi. Ta ci. Har kwalin ta gwaguye.

Jabbi ya dawo da ƙurar hanya a gira,
ya juya rasit gaba da baya.
"Wa yac ce ka kai ta?
Zomanyar ga dubu bakwai nis saye ta Kara.
Da ka sa wuƙa, da ko romo an sha."
Na ce, da na sa wuƙa,
da yau a majalisa ana cewa na ci amana da yaji.
An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.
Ashe mai zomon ma haka yake.

Litinin na hau bene, ofishin inshora.
Yarinyar ta gyara biro: "Shanu nawa, Baba? Kaji dubu nawa?"
Na ce zomaye ne, sha ɗaya, kuma na mutane.
Ta rufe baki da gefen mayafi.
Ta duba durowa don kunyata kawai.

Limaminmu ya ce amana ba a rama ta sai da sakaci,
amma mai karɓar lada, ya nemi takarda da shaida,
don baki ya fi zomo saurin tsalle.

Sai na wanke gwangwanin madara, na tsaga murfin,
na sayi littafi mai shafi arba'in.
Kowane kai ɗari biyu a mako, ban da ladana.
In ciwo ya zo, kira uku, in shiru, sai likita.
Gwangwani ya fara biya, ragowar na mai zomo.
In ajali ne, a zo a gani kafin in binne.
Kulu ta dangwala yatsa. Ɗan jami'a ya sa hannu mai wutsiya.
Jabbi ya yi tsaki, ya ɗaure kejinsa a babur.

Watan jiya, bayan isha'i, aka yi sallama.
Shi ne, da farar, da 'ya'yanta takwas, idonsu bai buɗe ba.
Illela kuma.
Bai dube ni ba, ya ce, "Ina gwangwanin nan?"
Na riƙe masa fitila yana cusa takardu ɗaya bayan ɗaya.

Dubu tara da ɗari biyar na nan a shafin farko.
Ban soke ba.
Ban kuma buɗe masa shafin ba.